Taken Tauri a Gangar Baƙo

Ƙafata ce ta fara ganewa, kafin kunnena. Ina zaune kan benci a gefen dandamali, riƙe da butar ruwan mawaƙiyar da aka ce in kula da ita, sai na ji diddigena yana buga ƙasa shi kaɗai, ba da iznina ba. Na dube shi kamar ƙafar wata. Sannan na ɗaga kai na hangi bakin fili, inda masu tsire da balangu suka jera tukubarsu. Hayaƙi yana tashi, amma babu mai fifita wuta. Duk sun miƙe tsaye, kowa da wuƙar aikinsa a hannu, ba wanda ya ajiye tasa.

Nan na gane abin da baƙon yake kaɗawa.

Bari in koma baya kaɗan, don wanda ba ɗan garinmu ba.

Makon bikin samun 'yancin kai ne, ƙarshen damina, gero ya nuna, zafi kuma ga shi da danshi mai manne wa mutum riga. An shirya kaɗe-kaɗe kowace yamma a wani fili da aka kewaye da zana, aka kafa dandamalin katako, aka jawo fitilu daga injin wuta. Makaɗanmu sun yi nasu, masu badujala sun yi nasu. Yammar ƙarshe aka bar wa baƙi: wasu baƙaƙen fata daga Amurka, maza da mace ɗaya, masu kiɗan da ake kira jaz. Mawaƙiyar ta gaya mini tun ranar da suka sauka cewa nasu sabon salo ne, ko a ƙasarsu mutane kan tashi su fita suna toshe kunne. Ta faɗa tana dariya. Ni ban ga abin dariya ba, gajiya ta hana ni.

Ban daɗe da gama sakandare ba, ina koyarwa a makarantar 'yan mata. Da aka rasa macen da za ta riƙa raka mawaƙiyar tana yi mata tafinta, Baturiyar makarantarmu ta zo har zauren Baba ta roƙa. Baba barunde ne, wato mahauci, haka ubansa da kakansa, a Runji, unguwar rundawa, aka yanke cibiyarsa. Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce to, amma in riƙa shiga gida kafin isha'i. Mazan kuma an haɗa su da wani akawu. Haka na wuni kwanaki ina bin su, ina juya magana daga wannan baki zuwa wancan, har muƙamuƙina ya riƙa ciwo. Wanda bai taɓa yin tafinta ba bai san gajiyarta ba. Kowa yana hutawa yayin da ɗayan yake magana, kai kaɗai ne ba ka hutawa.

Safiyar ranar wasan, mai gangarsu ya nace sai an kai shi wurin makaɗin kalangu. Dogo ne, marar ƙiba, yatsunsa ba sa zama wuri ɗaya, ko shayi yake sha sai ya ƙwanƙwasa kofin. Aka kai mu zauren tsohon da ke yi wa rundawan unguwarmu kiɗa tun ban zo duniya ba. Muna zama akawun ya ce zai je ya ga direba ya dawo, ya fita, bai dawo ba sai da muka tashi. Ya zama ni kaɗai ce mai jin harsunan biyu a zauren.

Tsohon ya yi masa kiɗan tallan nama, ya yi na 'yan mata, ya yi na dambe. Baƙon ya zauna a ƙasa ya naɗe dogayen ƙafafunsa, yana bi da yatsu a cinyarsa. Can ya ce in gaya wa tsohon, kakanninsa daga wannan ƙasa aka kwashe su, aka hana su ganga a can, shi ya zo neman abin da aka raba su da shi. Na faɗa. Tsohon ya goge idonsa da bakin riga. Sai baƙon ya ce in tambaya masa, wane kiɗa ne ya fi kowanne ƙarfi a wurinsa?

Na tambaya, don aikina ke nan.

Tsohon ya leƙa ƙofa. Ya ajiye sandar kiɗan, ya rungume kalangun ya danne fatar da tafin hannu don kada sauti ya fita, ya buga da yatsu biyu, a hankali, kamar mai raɗa. Taken tauri ne na rundawanmu. A wurinmu take ba kiɗan nishaɗi ba ne, kira ne. Wanda ya sha tauri, wato maganin da ake cewa yana hana ƙarfe cin jiki, in ya ji takensa ba ya iya zama. Jikinsa zai tsuma, ya fito fili ya yi kirari, ya ɗora wuƙa a cikinsa ya yi ta gurzawa. Shi ya sa ba a kaɗa shi sai ranar da aka sa, kowa ya shirya, ya kiyaye abin da aka hana shi ci da taɓawa. Ni na yi boko, ban san abin da zan ce game da tauri ba. Amma na ga wuƙa ta lanƙwashe a cikin kawuna da idona, ina ƙarama.

Tsohon ya ce, “Ɗiyata, hwaɗa mishi wanga ba a kaɗa shi a fili. Na nuna mishi don ya san gidansu, ba don ya ɗauka ba.”

Na faɗa masa da Turanci. Na sake faɗa, na ƙara da nawa, na ce in aka kaɗa shi mutane za su yanki kansu. Ya gyaɗa kai, ya dafa ƙirji, ya ce ya ji. Yatsunsa kuwa suna kan cinyarsa suna motsi. Na gani, na ɗauka halinsa ne.

Bayan la'asar aka fara. Fili ya cika: manya a kujeru a gaba, Turawa kaɗan da matansu suna fifita da takarda, jama'a a tsaye a baya, tsofaffin mata masu fura da ƙosai a gindin zana. Rundawa kuma sun kewaye filin da tukuba, don a irin wannan mako babu mahaucin da ke zaman gida.

Mutum biyu suka fara hawa, mai busa wani ƙahon ƙarfe mai lanƙwasa, da mai wani ƙaton goge da ake tsayarwa a ƙasa, ya fi shi kansa tsawo. Ban san yadda zan kwatanta abin da suka yi ba. Ƙahon ya fara da gurnani kamar raƙumin da ake ɗora wa kaya, ya haura ya zama kukan zabi, ya tsage, ya koma huci kawai, iska tana fita ba sauti. Mai gogen bai taɓa bin sa ba, yana can yana jan tsirkiya ɗaya, kamar guga a bakin rijiya mai zurfi. Ba amshi, ba wurin da za ka sa ƙafa ka taka. Wani a bayana ya ce, “Wai sun hwara, ko har yanzu ɗaurin tsirkiya sukai?” Wani ya amsa, “A'a, ƙahon na ba shi da lahiya, magani suka ba shi.” Aka kwashe da dariya. Su kuwa idanunsu a rufe, zufa tana zuba, kamar masu haƙar kabari.

Sai mawaƙiyar ta hau ita kaɗai, da fiyanon da aka aro aka kawo a akori-kura. Ta riƙa danna haƙoransa da gwiwar hannu, tana waƙar da ba kalma a ciki, wani lokaci kamar mai rarrashin jinjiri, wani lokaci kamar wadda aka taka wa yatsa. Dariyar ta ragu. Na ji wata tsohuwa mai ƙosai tana cewa, “Wagga ta yi rashi, ku bar ta. Allah shi jiƙan wanda ya rasu.” Da ta sauko na miƙa mata ruwa, ta tambaye ni me suke cewa. Na ce suna yi mata ta'aziyya. Ta dube ni ta daɗe, ta ce a ƙasarsu ba a taɓa fahimtarta haka ba.

Aka tsaya aka yi magariba. Aka kunna fitilu, ƙwari suka taru a kansu. Ni lissafina ɗaya: su gama, in miƙa butar nan, in tafi gida in kwanta.

Daga nan suka hau gaba ɗaya. Kowa ya kama gabansa, ƙaho gabas, goge yamma, fiyano yana zuba kamar kwanukan da suka faɗo daga kai, amma can ƙasa akwai wani abu da ya ɗaure su, kamar yadda hayaniyar kasuwa take zama murya ɗaya in kana nesa. Gaskiya na fara jin wani abu a ciki. Sai ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru, suka bar mai ganga. Yana zaune cikin gangunansa da faya-fayen tagulla, ya yi ta watsa bugu ko'ina, ya tattaro, ya watsar. Cikin wannan watsin ne ya fara sako taken nan, guntu-guntu, ya juya shi, ya ɓoye, ya sake fito da shi. A ƙarshe ya sake shi gaba ɗaya a kan babbar gangar, sarai, da ƙarfin da tsohon bai taɓa ba shi ba, lasifika kuma ta kai shi har bayan zana.

Wanda ya fara ihu kawuna ne, na san muryarsa. Sai wani, sai wani. Suka keto taron suna kirari, riguna a yage, mutane suna darewa. Turawan da ke gaba suka fara tafi, sun ɗauka cikin shirin ne. Mai gangar ya buɗe ido ya ga maza suna tahowa suna rawar jiki, fuskarsa ta washe, ya ƙara wuta. Na miƙe ina ɗaga masa hannu, ina cewa ya bari, ya bari, amma wa zai ji ni? Na rasa ma da wane harshe nake ihun.

Cikinsu akwai ɗan maƙwabcinmu, magidanci, matarsa ba ta daɗe da yin arba'in ba. Tun safe yake bakin tukuba, bai san za a kira shi ba, bai shirya komai ba. Ya zo daidai ƙarƙashin fitila, ya ɗaga wuƙar yankan balangu da ya wasa da hannunsa, ya ja ta a cikinsa.

Ta ci.

Ya tsaya yana kallon hannunsa kamar wanda aka ba ajiyar da bai gane ba, sannan ya durƙusa. Tafin ya mutu. Gangar ta ƙara bugu kaɗan ita kaɗai kafin ta tsaya, waɗannan 'yan bugun har yau ina jin su. Mata suka sa salati, benci ya kife, wani ya yi karo da igiyar wuta rabin fitilun suka ɗauke.

Na tsinci kaina a bayan dandamali, tsugune a bayan akwatin ƙaton gogen. Mai gangar ya sauko da sandunansa a hannu, ya durƙusa gabana. Ya ce me ya faru, me ya yi? Na ce na faɗa maka. Na faɗa maka da safe. Ya ce ai bai kaɗa shi yadda yake ba, ya karya shi, ya juya shi, a wurinsu haka ake girmama wanda ya koya maka, ka ɗauki nasa ka sa a naka. Ya ce so yake tsohon ya ji ya san bai manta ba. Na dube shi, babu sauran Turanci a bakina. Na gaji da ɗaukar maganar mutane ina kai wa mutane.

Ta tsakanin katakon nake hangen fili. An ɗauki wanda ya yanku an sa a akori-kurar da ta kawo fiyano. Yayansa, wani ƙaƙƙarfa da ake shakka ko a mayanka, ya tsaya a tsakiya da jini har gwiwar hannu, yana juyawa.

“Wa yab ba shi? Wa yab ba kahirin ga takenmu?”

Wani ya ce an ga baƙin a zauren tsoho da safe.

“Tsoho ba ya jin bakinsu! Ina ɗiyag ga mai Turanci? Ita tak kai su, ita tas saida muna! Wallahi in ƙanena yam mutu, ko cikin ɗakin uwatta ta shiga sai na hiddo ta!”

Ban taɓa jin an yi rantsuwa a kaina ba. Na ji ɗumi yana bin ƙafata, ban ma ji kunya ba sai daga baya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba wanda zai iya shaidata. Tsohon ya ga bakina yana motsi, bai san me na ce ba. Baƙon ya sani, amma maganarsa sai ta bi ta bakina kafin ta isa kunnen kowa.

Sai aka damƙi wuyan rigata ta baya. Na buɗe baki zan yi ihu, aka toshe shi da hannu mai ƙanshin nono.

“Yi min shiru, 'yar nema.”

Gwaggo ce, yayar Baba, wadda ke sayar da fura a gindin zana. Ta dube ni sama da ƙasa cikin duhun, ta yi tsaki.

“Tuɓe takalman ga. Duk Sakkwato wa ka yawo da kofato in ba ke ba?”

Na tuɓe. Ta warware ɗankwalin makaranta daga kaina ta cusa ƙarƙashin dandamali, ta yafa mini tsohon zanenta na saƙi, ta ɗora mini ƙwaryar fura a ka. Mawaƙiyar tana tsaye tana kallonmu, hannunta a baki. Ta kama yatsuna ta ce wani abu. Gwaggo ta ce, “Mi tac ce?” Na ce ban ji ba. Da gaske ban ji ba.

“In munka hita, kada ki yi sauri. Mai hura ba ta sauri. Ki diba ƙasa, ki bi duga-dugaina.”

Muka ratsa ta cikinsu. Na wuce yayan nan kusa har na ji ƙarnin jinin da ke hannunsa. Gwaggo ba ta kauce ba, sai ma ta daka masa tsawa: “Kai, ba mu hanya! Ƙanenka na asibiti kana nan kana haushi, wa ka riƙe mishi kai?” Ya matsa bai dube mu ba. Ƙwaryar tana rawa a kaina, ruwan fura yana gangaro mini ta bayan kunne. Ban taɓa tafiya ba takalmi a titi ba tun ina aji ɗaya, kowace tsakuwa sai da na san da ita.

Ba gidanmu ta kai ni ba, don ta ce nan za su fara zuwa. Muka bi lunguna har unguwar Gidan Dare, inda take zaune tun rasuwar mijinta. Ana kiran isha'i muka shiga. Na tuna sharaɗin Baba, na fashe da kuka a kan wannan, ba a kan sauran ba.

Gwaggo ta zuba ruwa a kwatanniya ta tura mini. “Wanke ƙahwahun, kin ɓata min zane kuma za ki ɓata min tabarma.” Ta zauna tana kallona. “To, malama. Turancin naku duk bai da kalmar bari?”

“Gwaggo, na hwaɗa mishi. Har na ƙara da nawa.”

“Yac ce mi?”

“Yac ce ya ji.”

“Namiji yac ce ya ji, ke kuma kin yarda. Shekara nawa kina makarantag ga?”

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama shessheƙa, ta bar ni na yi har na gaji. Ta ba ni kunu, na ajiye shi a gefe.

Ban yi barci ba, amma babu abin faɗa a wannan daren. Na kwanta ina kallon azara, ina roƙon Allah ya raya mutumin da ban taɓa yi wa magana ba sai gaisuwa. Na tsargu da addu'ar, don na san rabinta kaina nake yi wa.

Da gari ya waye wata maƙwabciya ta shigo aron rariya, ta kawo labari ba a tambaye ta ba. Wai yayan da mutanensa sun je ƙofar gidanmu, Baba ya fito ya zauna a bakin zaure ya ɗora carbi a gwiwa, ya ce wanda zai shiga sai ya tsallake shi. Wai baƙin an kwashe su tun asuba an yi Gusau da su. Wai an ɗinke cikin, amma bai farfaɗo ba. Tana magana tana leƙen labulen da nake bayansa. Gwaggo ta miƙa mata rariyar ta ce, “Ga ta, ramukanta sun hi bakinki ƙanƙanta.” Matar ta fita.

An tafi da baƙin. Wato mutum ɗaya da ya san abin da na ce yana kan hanyar Gusau, daga can sai jirgi, sai teku.

Wunin nan ya fi daren tsawo. A gidan da ke bayan katanga aka fara daka, taɓarya biyu suna karɓa-karɓa, zuciyata ta riƙa tsalle tana neman take a cikin bugun. Har yanzu da nake rubutun nan, makonni sun shuɗe, in aka buga ƙofa ko turmi sai na ajiye alƙalami na kasa kunne. A aji in yarinya ta ƙwanƙwasa tebur da rula, sai in ji na yi mata tsawar da ta fi laifinta.

Na yi azahar a ɗaki. Gwaggo ba ta fita talla ba. Ta zauna a bakin ƙofa tana kaɗi, mazari yana juyawa, kunnenta yana waje.

Bayan la'asar muka ji sallamar Baba.

Ya shigo a hankali, rigar jiya ce a jikinsa, idanunsa sun yi ja. Ya zauna kan turmin da aka kife, Gwaggo ta ba shi ruwa ya shanye, ya roƙi ƙari. Na fito daga bayan labule na durƙusa nesa da shi, na gaishe shi.

“Ya tashi,” in ji Baba. “Da hantsi ya buɗe ido. Hura yan nema, likita ya hana.”

Gwaggo ta ce, “Alhamdu lillahi. Barunde ke nan, hanji a waje shina neman hura.”

Na ce, “Baba, yayan nasa hwa?”

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Ya ce sarkin pawan unguwarmu ya tara kowa a zaurensa bayan azahar, manyan rundawa, da tsohon makaɗi, da 'yan'uwan wanda ya yanku. Yayan ya tashi ya yi ta faɗa, ya ce ɗiyar wane ta sayar da take ga baƙi, sai an ba su hakkinsu. Aka bar shi ya gama. Sarkin pawa ya tambaye shi, tun kakanni, an taɓa jin wanda ya tashi a kan take ya yanku, aka nemi jininsa a wurin wani? Yayan ya ce a'a. Sarkin pawa ya ce to, wanda ya tashi shi ya tashi, ba a ɗaga shi ba. In kuma so kuke a shiga kasuwa ana cewa taurin gidanku bakin yarinya 'yar makaranta ya karya shi, ku faɗa, yanzu a sa maroƙi ya yi shela.

“Ba wanda yat tanka,” in ji Baba. “Yayan ya sunkuyar da kai. Anka yi fatiha, ya ba ni hannu gaban kowa. Maganag ga ta mutu, ba mai sake tada ta. Tsoho ɗai anka ce ya jingine kalangunai har bayan Salla.”

Gwaggo ta ajiye mazarin ta shafa addu'a.

Ni kuwa ina durƙushe ina jiran sauran. Na ga ya fara neman takalminsa da ƙafa.

“Baba.”

“Na'am.”

“An tambayi ko na hwaɗa ma baƙon? Don na hwaɗa mishi. Tsoho ya ce in hwaɗa, na hwaɗa.”

Ya dube ni, kallon mutumin da bai runtsa ba, wanda aka tambaya abin da bai shafi komai ba.

“Ba wanda yat tambaya, ɗiyata.”

“Ko kai?”

A waje wani mai tallan kananzir ya wuce yana jan murya. Baba ya miƙe, ƙashin gwiwarsa ya yi ƙara, ya gyara hularsa.

“Ba mai taɓa ki,” ya ce. “Shi na abin da niz zo in gaya miki. Tashi mu tahi gida, innarki ba ta ci komi ba tun jiya.”

Na dafa ƙasa zan tashi, hannuna ya ƙi. Na ce su ba ni ɗan lokaci. Suka tsaya su biyu a tsakar gidan suna jirana, rana tana gangarawa bayan katanga.